Dayod mai saurin rufewa: inda masu gyara ke yawan yin kuskure

An kawo maka allon wutar talabijin, ka gano dayod ɗin da ke bayan ƙaramar taransifoma ya ƙone, lambarsa UF4007. Dayod dai shi ne ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai. Ka zazzage gwangwanin kayan gyara babu irinsa, sai 1N4007 fal. Duka bolt 1000 ne, duka amfiya 1, girma ɗaya. Ka liƙa da dalma, ka ba shi wuta, ya kama. Kwana biyu mai kaya ya dawo rai a ɓace, wannan karon har mosfet, wato taransistan da ke kunna wuta da kashe ta da sauri, ya tafi.

Abin da aka manta shi ne sauri. Idan wuta ta juya, dayod ba ya rufewa nan take. Akwai ragowar caji a cikinsa da sai ya fice, kuma a ɗan tsakanin nan wuta na komawa baya ta cikinsa kamar waya ce. Wannan lokacin shi takardar bayani ke kira trr. Na UF4007 nanosakan 75 ne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), na FR107, wani dayod mai matsakaicin sauri, kuwa 500, shi ko 1N4007 yakan kai maikurosakan biyu, wato nanosakan 2000, ko fiye. A wutar NEPA mai zagaye 50 a sakan wannan jinkiri ba komai ba ne. Amma a wajen taransifomar irin wannan allo, inda wuta kan yi zagaye kamar sau dubu 100 a sakan, kowane zagaye maikurosakan 10 ne kacal, jinkirin ya cinye kaso mai tsoka ke nan. Sai zafi, sai ƙuna. Gyaran mai sauƙi ne: mai sauri sai mai sauri irinsa, ko wanda ya fi shi.

Kada ka dogara da mita a nan. Ɗora ta a kan dayod ɗin biyu, za ta nuna maka kusan 0.5 ko 0.6 a kowanne, domin ba ta auna sauri. Lamba za ka karanta. A ƙananan da ake liƙawa a fuskar allo, M7 shi ne 1N4007, RS1M ɗan'uwan FR107, US1M kuma na UF4007. Sun yi kama ƙwarai, sai ka sa gilashin ƙara girma.

Wasu kuma da sun ji batun sauri sai su ruga wajen wani nau'in dayod da ake kira Schottky. Yana da sauri, gaskiya, amma ba ya jure bolt mai yawa: 1N5819 da SS14 iyakarsu bolt 40. Wurinsu gefen fitar wuta mai bolt 5, kamar a cajar waya. Ka kai su ɓangaren babbar kafasita, inda ake da fiye da bolt 300, ka ji tas.

Saurin ma ba kyauta ba ne. UF4007 na iya cin bolt 1.7 a amfiya 1, alhali 1N4007 bai wuce 1.1 ba, don haka babu ribar cusa shi a gadar dayod huɗu ta bakin shigar wuta. Ni ma kaina na ɗan jima kafin in gane cewa wasu kamfanoni da gangan suke sa marar sauri a da'irar da ke kare mosfet, don ya rage kaɗawar wuta. Idan shi ka tarar a can, mayar da irinsa.