Tsara sauyin gidan harsashi kafin a fara harbi

Jama'a, musamman 'yan uwa jami'an tsaro da ke atisayen harbin gasa da ƙaramar bindiga a nan Bauchi, ga shawara kan sauya gidan harsashi. A ƙa'idar IPSC, hukumar wasan harbin gasa ta duniya da aka kafa a Amurka a 1976, ana raba makin mutum da daƙiƙun da ya ɗauka, saboda haka duk tsayuwar da ba ta harbi ba asara ce.

Doguwar zagaya ɗaya ta gasar tana iya buƙatar harsashi 32, alhali a rukunin Production, wato na bindigogin da suke kusan yadda masana'anta ta ƙera su, ba a cika gida ɗaya da fiye da 15, ke nan sauyi biyu ya zama dole. Idan aka ba ku damar duba fili, ku ƙirga harsashin da kowace matsaya za ta ci, sannan ku ajiye sauyin a tsakanin matsaya da matsaya, inda ƙafa ke tafiya kuma babu abin harbi a gaba. A ganina gara a yar da gida da sauran harsashi uku a ciki da a bari bindiga ta ƙare a gaban farantin ƙarfen da ake harbi, domin farantin da aka kuskure sai an sake harbinsa, kuma lissafin da bai bar rara ba nan yake wargajewa.

Yayin sauyin, yatsa ya fita daga kan kunama, bakin bindiga kuma ya ci gaba da fuskantar inda ake harbi, domin alƙalin fili yana korar wanda ya saɓa daga gasar gaba ɗaya.