Darasi na 9: Yadda ake gane wuƙar ninkewa mai ƙwari

Wuƙar da muke magana a kanta ita ce wadda ake sa wa reza, a ninke ta a jefa aljihu. Masu shimfiɗa kafet da ledar ɗaki suna aiki da ita, haka masu gyaran takalma, masu haɗa wayar lantarki, da yaran shago masu buɗe kwali. Ana samun ta a rumfunan kayan aiki na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da Kasuwar Barci, da wajen 'yan Panteka, duk a Kaduna. Yawancin waɗanda ake kawowa masu araha ne. A cikinsu akwai mai shekara tana aiki, akwai wadda ba ta kai wata guda. Fenti da ƙyalli ba sa nuna wannan bambanci. Hannu ne ke nunawa.

Rezar ba ita ce abin dubawa na farko ba. Kusan duk irin wannan wuƙa reza iri ɗaya take ɗauka: tsawonta kamar milimita 60, faɗinta milimita 19, kaurinta bai kai milimita 1 ba, da tsini biyu da 'yan tsaga a bayanta. In ta dakushe sai a juya ɗaya tsinin, in ya ƙare a sa sabuwa. Abin da kake biya wa kuɗi shi ne jikin wuƙar: bakin da ke riƙe reza, gaɓar da take ninkewa, makulli, da ƙota.

Bakin da ke riƙe reza

Nan ne mai araha ta fi gazawa. A cikin bakin akwai ɗan haƙori da ke shiga tsagar reza ya riƙe ta, da ɗan sifirin da ke danne shi. In haƙorin gajere ne, ko sifirin ba shi da ƙarfi, to kana cikin jan wuƙa a kan kafet mai kauri rezar za ta zare ta tsaya a cikin kafet, hannunka kuma ya wuce ta kanta. Ta haka ana iya jin rauni.

Ga gwajinsa. Buɗe wuƙar, ka kama rezar da filaya ta gefen da ba kaifi, ka ja da ƙarfi. Kada ka ja da yatsa. In ta fito ba tare da ka danna maɓallin cire reza ba, ajiye ta. Sannan ka motsa rezar sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, domin sai da sarari reza ke shiga. Amma in tana kaɗawa har kana jin ƙara, yankan ba zai tafi a miƙe ba, musamman a kan fata ko leda. Duba kuma inda maɓallin yake. In yana daidai inda babban yatsa ke zama lokacin aiki, wata rana za ka danna shi ba da niyya ba.

Makulli da gaɓa

Makulli iri biyu aka fi gani. Akwai na baya, wanda ake dannawa a gadon bayan ƙota. Akwai na ciki, wato siririn ƙarfe da ke faɗowa bayan baki ya tokare shi. Ko wanne ne, in ka buɗe wuƙar ya kamata ka ji ta ce ƙas. Daga nan ka kawar da yatsunka daga hanyar da reza ke bi in za ta rufe, ka danna bayan bakin a kan katako. Makulli mai kyau ba ya saki. A na ciki, leƙa ka gani ko duk kaurin ƙarfen ya shiga bayan baki. In gefensa kawai ya ɗan kama, zai iya zamewa.

A gaɓa kuwa, nemi wadda aka ɗaure da sukuru, ba wadda aka daddale da ƙusa ba. Kowace gaɓa tana yin girgiɗi bayan an daɗe ana aiki. Mai sukuru sai a ƙara ɗaure ta, mai ƙusa kuwa sai dai a buga da guduma, ba kullum take gyaruwa ba. In akwai washa a kowane gefen gaɓar, wuƙar za ta riƙa buɗewa da sauƙi.

Ƙota

Mutane da yawa suna auna wuƙa a tafin hannu, in ta yi nauyi su ce mai kyau ce. Wannan kuskure ne. Ƙotar da aka zuba da tutiya ta fi ta alminiyon nauyi fiye da ninki biyu, amma tana da gautsi: in ta faɗi a kan siminti takan tsage a wajen gaɓa, ramin sukurunta kuma yana saurin cinyewa. Maganaɗisu ba ya kama tutiya, ba ya kama alminiyon. Saboda haka in ƙota ta yi nauyi sosai kuma maganaɗisu bai kama ba, mai yiwuwa tutiya ce. Ƙotar roba ba laifi in akwai ƙarfe a cikinta. Shafa gefuna da yatsa, in akwai kaifi ko tudu, zai sa maka kanta a hannu.

Mai kaya na gari ba ya hana gwaji. Ce masa: “Alhaji, ba ni uku in zaɓa.” Ko a kwali ɗaya suka fito, ba duka suke daidai ba.

Kula da ita

Da hunturu ƙura na shiga gaɓa ta sa makulli ya ƙi zama. Goge da tsohon burushin haƙori, ka ɗiga man keken ɗinki digo ɗaya. Kada ka sa manja ko man gyaɗa, suna yin danƙo su tara ƙasa. Da damina reza na saurin tsatsa, sai a ajiye sauran a ledarsu. In sukuru yana yawan kwancewa, shafa ɗan man farce a zarensa kafin ka ɗaure. Kada ka ɓamɓare murfin gwangwani da wuƙar, reza na karyewa ta yi tsalle. Tsohuwar reza kuma a tara ta a gwangwani mai murfi, saboda yara da masu kwasar shara.

Aikin aji

Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku: reza, gaɓa, makulli, ƙota, gautsi. Wanda yake da irin wannan wuƙa ya kawo ta a ninke mako mai zuwa. Malami zai zo da filaya da maganaɗisu da ɗan katako, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.