Kafin ka karɓi jingar yankan fata, yi wannan lissafin

Shekarata goma sha tara ina yankan fatar takalmi a wajajen Ƙofar Wambai, kuma sai da fiye da rabinsu suka wuce kafin na iya yi wa aikina kuɗi. Maigida zai ce maka dozin kaza ne, ka ji kuɗin da auki, ka ce to. Wata ya ƙare, ka tarar mai shagon unguwa yana bin ka bashi, alhali ko rana ɗaya ba ka yi fashi ba. Ƙanena, kai da ka fara riƙe wuƙa yanzu, ga yadda nake yi.

Fara da sanin hannunka. Ka ɗauki mako guda kana rubuta dozin nawa kake fitarwa daga hantsi zuwa magariba. Ban ce ranar da hannu ya saki ba, a'a, yini na kullum, wanda akwai wasa wuƙa a ciki, da sallah, da zaman jiran a kawo fata, da datse baki bayan an manna. Kuma ka raba fata da roba. Roba shimfiɗa ɗaya ce, ka ɗora kwalin siffar takalmin ka zana ka yanke. Ita kuwa fata sai ka ɗaga ta a haske ka nemo inda wuƙar mai fiɗa ta sosa, ka kauce wa huji, ka tuna gefen ciki yana miƙewa, gadon baya ne mai ƙwari. Kafin ka gama juya kwali a fata ɗaya, mai roba ya yi nisa. Duk wanda ya yi musu kuɗi ɗaya ya cuci kansa.

Sannan ka koma gida da biro. Kuɗin cefane, kuɗin haya na shekara a raba shi gida goma sha biyu, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, na 'yan ga-ruwa, na makarantar yara da Islamiyya, da ɗan abin magani. Zauna da uwargida ku yi shi tare, don ita ta san nawa kwanon shinkafa yake yau, kai na bara ka riƙe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake sake wannan lissafi duk bayan wata uku. Abin da ya fito na wata, raba shi kwana 26 na aiki, sannan ka raba da dozin ɗin da kake yi a yini. Wannan shi ne ƙasan farashinka.

Akwai wani ma'aunin kuma. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga baya gwamnatin Kano ta sa nata 71,000. Kada ka ɗauka da mu ake: dokar ta cire masu aikin jinga, ta kuma cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Amma lambar tana da amfani a bakin ciniki. Naira 70,000 a kwana 26 ta kama kusan 2,700 a yini. In jingarka ba ta kai nan ba, ka faɗa wa maigida cikin ladabi, da takarda a hannu. Na lura manya sun fi jin lissafi a kan ƙorafi.

Ku yi maganar ɓarna tun kafin ta faru. Wata shekara cikin azumi, bayan sahur barci na fizgata, na yanke fata guda cur ban juya kwali ba. Duk ƙafar hagu! Maigidana na lokacin bai yi faɗa ba, ranar biya kawai ya zare kuɗin fatar daga hakkina, har da guntayen da ya sayar wa masu laya da ƙananan jaka. Laifina ne, ban musa ba, amma da mun yi sharaɗi, da rabi zan biya. Yanzu kafin na taɓa fata sai na ji: ɓarna a kan wa, guntaye na wa, wa ke sayen wuƙa, kuma yaushe ne biya. Ni duk Alhamis nake karɓa. "Sai an sayar" ba na yarda da ita, don ni ban da riba a cinikin.

Sai maganar lokaci. Daga azumi zuwa Ƙaramar Sallah, da gabanin Babbar Sallah, aiki har ka rasa lokacin cin abinci. Bayan nan kasuwa takan yi sanyi, wani makon kwana uku za ka yi. Saboda haka kuɗin Sallah ba naka ba ne duka, kashi ɗaya cikin uku na watannin zaman banza ne. Ni adashe nake zuba shi, ina roƙon a sa kwasata ta faɗo da kaka, na tafi Dawanau na auno masara da gero da wake lokacin da suke da sauƙi.

In za ka nemi ƙari, neme shi a Sha'aban, lokacin da oda ta fara taruwa, maigida yana tsoron wani ya janye ka. Wanda ya bari sai bayan Sallah, amsar da zai ji ita ce a bari kasuwa ta buɗe.