Ku daina sauke fayil ɗin jinom a laptop

Salamu alaikum 'yan uwa masu project na DNA, musamman 'yan BUK da AKTH.

Idan data ɗinka tana NCBI SRA, wato rumbun ajiyar data ɗin DNA na hukumar NCBI ta Amurka, kar ka sauke ta. Buɗe account a Galaxy, wani shafin intanet na nazarin data ɗin DNA, kyauta ne, ka nemi tool ɗin da ke jawo FASTQ (fayil ɗin da ke ɗauke da jerin DNA) daga SRA, ka liƙa masa lambar data ɗinka mai fara da SRR, shi ke nan.

Fayil ɗin daga sabar NCBI yake tafiya zuwa sabar Galaxy kai tsaye, bai biyo ta wayarka ba balle ya cinye maka data, kuma ko an ɗauke wuta ko ka rufe laptop ka tafi masallaci aikin yana can yana tafiya. Ni da farko sai da na ƙona data ta sati guda kan sample ɗaya, ya kai rabi network ya yanke, wallahi har yau ina jin zafin kuɗin nan. Yanzu FastQC (duba ingancin data) da alignment (jera ta kan jinom don kwatantawa) duk a Galaxy nake yi, ƙaramin result kawai nake saukewa.

Galaxy suna ba da wurin ajiya kusan 250GB. In ya cika, delete kaɗai ba ya isa, sai ka yi purge, wato gogewa ta dindindin.

Wani lokaci layin jiran aiki a sabar yana tsawo, kar ka bari sai daren defence.

Don Allah in data ɗin marasa lafiya ce daga asibiti, kar ka ɗora ta can sai kwamitin ethics ya yarda. Amanar mutane ce.