Darasi Na 9: Shayar Da Jaririn Da Ba Naki Ba

Mace ta rasu a ɗanyen jego, ta bar jariri ɗan kwana uku. Ko kuma an haifi bakwaini, uwar na kwance ba lafiya, nono bai kawo ba. Me za a ba yaron?

A gidaje da yawa sai a dama masa madarar shanu, ko a sayo ta gwangwani a riƙa tsinka ta don ta daɗe. Cikin jariri bai yi ƙwarin ɗaukar madarar shanu ba, ruwan damun kuma idan ba mai tsabta ba ne, gudawa ce ke biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba, idan ya rasa nonon uwarsa, abin da ya fi masa shi ne nonon wata mace mai lafiya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW), kuma kakanninmu sun shayar da marayun dangi ba tare da an roƙe su ba.

A wasu ƙasashe akwai ma'ajiyar nono a asibiti. Barazil tana da fiye da 200. Mata su tatsa a kwalba su kai, a dumama shi a zafin digiri 62.5 na minti 30 don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ba bakwaini. Kenya ta buɗe tata a asibitin Pumwani na Nairobi a 2019. Sai dai a irin wannan tsari akan haɗa nonon mata da yawa, har a kasa sanin na wa yaro ya sha. Saboda haka ne majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa irinta. Shayarwa tana haramta aure kamar yadda haihuwa ke haramtawa, kuma a mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya shiga cikin yaro kafin yaye, a shekara biyun farko, zumunci ya ƙullu.

To, hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce sananniyar mace ta ba sanannen yaro. Idan kina da nono wadatacce, 'yar'uwa, ki fara shawara da maigida. Daga nan ki je asibiti a gwada jininki: ƙanjamau, ciwon hanta, da tunjere. Kada ki ji kunyar gwajin, domin cuta na iya zama a jikin mace ba ta sani ba. Ki faɗa wa nas duk maganin da kike sha, har na gargajiya.

Idan yaron na iya kama mama, ki ba shi kai tsaye. Bakwaini sau da yawa ba ya iya tsotso, sai a tatsa. Ki wanke hannu da sabulu, ki tafasa kofin da murfinsa, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. A guji bulumboti, wanke shi da wuya. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa 4 a ɗaki, lokacin zafi ma a ba shi nan take. Kada ki damu da naki ɗan, yawan shayarwa na ƙara kawo nono, ke dai ki ci ki sha sosai.

Saura abin da aka fi mantawa, wato rubutawa. Shekara ashirin nan gaba tsofaffin da suka shaida ba lallai suna raye ba, takarda ce za ta hana a ɗaura wa yaron aure da 'yar da kika haifa.

Aikin yau: kowa ya ɗauki littafinsa ya kwafi wannan, ya cike gurbin.

Ni ________, matar ________, na shayar da ________, ɗan ________, daga ranar ________ zuwa ________. Shaidu: ________ da ________.

A yi kwafi biyu, kowane gida ya ajiye ɗaya.