Yadda ake auna haɗarin mutum-mutumi kafin a bar shi ya yi aiki kusa da ma'aikata

A shekarar 2015, a masana'antar motoci ta Volkswagen da ke Baunatal a Jamus, mutum-mutumi, wato na'urar masana'anta mai aiki da kanta, ya damƙi wani matashi ɗan shekara 22, ya matse shi jikin farantin ƙarfe, ya rasu. Yana cikin kejin da ya kewaye na'urar ne yana haɗa ta lokacin da abin ya faru. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta daɗe tana jan hankali cewa da yawa daga cikin irin wannan haɗari na aukuwa ne lokacin gyara, gwaji ko saita na'ura. To daga nan ake farawa.

Da farko ka ajiye littafin kamfanin da ya ƙera na'urar tukuna, ka je gindinta ka yini. Rubuta duk wanda ke kusantarta: mai loda kaya, makaniki, mai koya mata motsi, har mai shara da ke shigowa bayan an tashi. Ka tambayi ma'aikaci, "Malam, in kaya ya maƙale, yaya kake yi?" Idan ya rage murya ya ce yakan zura hannu ta ƙarƙashin shinge don kada layi ya tsaya, ka samu abin da babu shi a fayil ɗin ofis. Kada ka yi masa faɗa a ranar, don gobe ba wanda zai sake gaya maka gaskiya.

Daga nan sai ka dubi abin da ke hannun na'urar. Akwai ƙananan na'urori da aka ƙera don su yi aiki gefen mutum ba shinge, kuma suna tsayawa da zarar sun ji sun taɓa abu. Amma in aka ɗaura wa irin wannan wuƙa ko bakin walda, ladabinta ba zai hana ta yanka ko ƙona mutum ba. Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 10218 ke son a auna aikin baki ɗaya: na'urar, abin da ta riƙe, da duk lungun da za ta iya matse mutum da bango ko tebur.

Kowane haɗari da ka gano, ka yi masa tambaya uku: yaya munin raunin zai kasance, sau nawa mutum ke shiga wurin, kuma zai iya kaucewa?

Lissafi ne wurin da aka fi yin sakaci. Ƙa'idar ISO 13855 ta ɗauka cewa mai tafiya yana cin mita 1.6 a daƙiƙa guda. Ke nan idan na'urar tana buƙatar rabin daƙiƙa kafin ta tsaya cak, mutum ya riga ya ci santimita 80, ban da tsawon hannunsa da tafiyar da ita kanta ta yi. Da wannan za ka san inda za a kafa abin da ke hango shigowar mutum. Ka auna tsayawar tana ɗauke da kaya mafi nauyi, tana gudu sosai, hannunta a miƙe.

Idan kuwa an yarda ta riƙa taɓa mutum, ƙa'idar ISO/TS 15066 ta 2016 ta kafa iyakar ƙarfi ga kowane sashen jiki. Matsi a hannu da yatsu kada ya wuce niyuton 140 (niyuton shi ne abin da ake ƙidaya ƙarfi da shi), kai da fuska kuwa a tsara aikin yadda ba za ta kai gare su ba. Akwai ma'aunin da ake sa wa a inda hannun mutum zai kasance, a bar na'urar ta buge shi. Ka yi amfani da shi. Lambar da ke allon kwamfuta ba ta isa shaida ba.

Wajen magance matsalar, fara da kawar da haɗarin kansa: a goge kaifi, a matsar da tebur, a rage gudu. In bai yiwu ba, sai shinge da ƙofar da ke kashe na'ura in an buɗe ta. Horo da allon gargaɗi su ne na ƙarshe, don mutum yana gajiya yana mantuwa. Mai koya wa na'ura motsi a cikin keji, kada gudunta ya wuce milimita 250 a daƙiƙa. Makaniki kuma ya kashe wuta da iskar da ke motsa na'urar, ya sa wa makunninsu kwaɗonsa, makulli a aljihunsa.

Ka rubuta komai da kwanan wata. Ranar da aka canza abin da na'urar ke riƙewa, ko aka ƙara mata gudu saboda oda ta yi yawa, sai ka ɗauki littafinka ka koma gindinta.