Kafin ka kawo karen Baset gidanka a Katsina

In gadi kake nema, kada ka ɓata kuɗinka a kan Baset. Karen nan mai gajerun ƙafafu da zara-zaran kunnuwa ba shi da faɗa ko kaɗan, baƙo ma kaɗa masa wutsiya yake yi. Asalinsa Faransa ne, mutanen Ingila suka ƙara gyara irin a ƙarni na 19, domin farautar zomo. Gajartar ma da manufa: yana bin sawu a hankali, mafarauci na biye da shi a ƙasa. Tsayinsa bai cika wuce santimita 38 ba, amma nauyinsa kan kai kilo 20 zuwa 29.

Hancinsa ke juya shi. Da zarar ya shinshino wani abu, ka yi ta kira har muryarka ta dishe, ko waige. Don haka kada ka fita da shi ba igiya, kuma ka ja wa yara kunne su riƙa rufe ƙofar zaure. Duka ba ya koya masa komai, sai lallashi da ɗan guntun nama. Ba ya son kaɗaici. In an bar shi shi kaɗai sai ya yi ta wani dogon kuka, maƙwabta kuwa ba za su yi maka shiru ba.

Inda aikin yake shi ne kunne. Fatar ta rufe ramin, iska ba ta shiga, ga shi tana sharar ƙasa. Duk mako nakan ɗaga kunnen nawa karen in goge da auduga da maganin da likitan dabbobi ya ba ni, ban da tura tsinke ciki. Da kaka, bayan kowane yawo, sai na zauna na tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, in kuma duba kaska a lungun kunne da tsakanin yatsu. In ka ji wari, ko ka ga yana yawan kaɗa kai, kai shi asibitin dabbobi.

Akwai shi da kwaɗayi. Kada idanun nan nasa na ban tausayi su sa a riƙa tura masa ragowar tuwo, don ƙiba ce ke lalata masa ƙashin baya. Auna abinci sau biyu a rana. Hana shi tsalle daga mota, ka ɗauke shi hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu.

Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan kai digiri 40, shi kuwa cikinsa dab da ƙasa yake. Yawo sai bayan asuba ko da yamma liƙis, da rana kuma rumfa da ruwan randa. Yana dalalar da yawu, sai ka keɓe masa wuri nesa da tabarmar sallah da buta. Allurar rigakafin haukan kare tun yana wata uku, a kuma sabunta duk shekara.